Shin sama ma tana cika? Cunkoson taurarin ɗan'adam da abin da yake jawowa

Tambaya: "Malam, na ji ana cewa taurarin ɗan'adam sun yi yawa a sama har ana fargabar su riƙa karo da juna. Sama da duk faɗinta, yaya za a yi ta cika? In ma sun yi karon, mu da muke ƙasa ina ruwanmu?"

Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce. In faɗi ake nufi, sama ba ta cika ba, ba ta ma kama hanyar cika ba. Duk abin da ɗan'adam ya harba tun daga Sputnik na Tarayyar Sobiyet a 1957 wanda har yau yake kewaya duniya, da mai aiki da mataccen, nauyinsa tan dubu goma sha wani abu ne. Babban jirgin ruwan dakon kaya guda ɗaya zai kwashe shi, wuri ya rage. Abin da ke hana masu wannan sana'a barci ba ƙarancin fili ba ne. Kowa layi ɗaya yake so, gudun da ake yi a layin ya wuce hankali, kuma babu mai ba da hannu.

Tauraron ɗan'adam ba ya zama inda ya ga dama, aikinsa ne ke zaɓa masa tsayi. Wanda dish ɗin gidanka yake kallo yana can a kilomita 35,786, saitin layin da ya raba duniya biyu. A wannan tsayin kaɗai tauraro ke gama zagaye ɗaya daidai da juyawar duniya sau ɗaya, sai ya zama kamar a kafe yake. Shi ya sa in mai gyara ya saita maka dish ya ɗaure noti, an gama. Na GPS suna wajen kilomita 20,200. Amma rububin yana ƙasa-ƙasa, daga kamar kilomita 300 zuwa 2,000. Nan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa take, a wajen 400, nan akasarin Starlink suke, wato taurarin intanet na kamfanin SpaceX na Amurka, a wajen 500, nan kuma masu ɗaukar hoton gonaki da na leƙen asiri suke. Dalilin a fili yake: in kana kusa hotonka ya fi fita, saƙon intanet ya fi saurin zuwa ya dawo, kuɗin harbawa kuma ya fi sauƙi.

Duk abin da zai zauna a wannan layin na ƙasa, dole ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa, wato ya zagaye duniya cikin kamar minti 90. In ya rage gudu, faɗowa zai yi. Hanyoyin kuma ba a jere suke ba, suna gitta juna, musamman a saman can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, ta yadda abu biyu kan iya haɗuwa da gudun da ya wuce kilomita 10 a daƙiƙa. A wannan gudun ƙarami ba ƙarami ba ne. A 1983 ɓarɓashin fenti ya yi wa gilashin kumbon Challenger na Amurka rami. A 2016 wani abu da bai wuce 'yan milimita ba ya bugi farantin sola na tauraron Turai Sentinel-1A, ya bar masa tabo mai faɗin santimita 40. Ƙarfe mai girman santimita ɗaya kuwa, ɓarnarsa ta gurneti ce. Ka ɗauka wani babban shataletale ne da motoci ke shiga ta kowace kusurwa, ba a taka birki, ba a tsayawa, sannan akasarin abin da ke gudu a ciki motocin da direbansu ya mutu ne, da ƙafafun mota da kusoshi.

Kafin 2019 taurarin da ke aiki ba su wuce kamar 2,000 ba. A watan Mayun wannan shekarar kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na Starlink guda 60, kuma zuwa 2025 masu aiki sun haura 10,000, sama da 7,000 daga ciki na Starlink ne kaɗai. A 2020 kamfanin Amazon ya samu izinin harba 3,236, Sin tana gina nata rukunoni biyu, kowanne da shirin sama da 10,000. Abubuwan da na'urori ke iya bibiya daga ƙasa sun kai wajen 40,000, mafi yawansu tarkace ne. Amma ciwon kan yana wurin 'yan tsakiya, masu girman santimita 1 zuwa 10, waɗanda Hukumar Sararin Samaniyar Turai ta ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya. Sun yi ƙanƙanta a gan su balle a kauce, sun kuma fi ƙarfin sulken da ake yi wa tauraro.

Tun a 1978 wani masani a hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, Donald Kessler, tare da abokin aikinsa Burton Cour-Palais, suka yi lissafin inda hakan zai kai. Kowane karo yana haifar da dubban gutsattsari, kowane gutsure kuma harsashi ne da zai iya haifar da wani karon. In yawan ya kai wani mataki, tarkace zai riƙa hayayyafa da kansa ko da an daina harba komai. Mutane kan zaci abin zai faru dare ɗaya, a wayi gari komai ya tarwatse. Ba haka lissafin ya nuna ba. A hankali yake tafiya, shekaru gomomi, har wani tsayin ya zama ba wanda zai yarda ya kai dukiyarsa can. An ga ɗanɗanonsa ranar 10 ga Fabrairun 2009, lokacin da Iridium 33, tauraron sadarwa na wani kamfanin Amurka mai cikakken aiki, ya yi taho-mu-gama da Kosmos 2251, mataccen tauraron sojan Rasha, a kusan kilomita 790 saman Saberiya. Gutsattsarin da aka iya ƙirgawa sun kai wajen 2,000, kuma da yawansu suna nan har yanzu.

In za ka riƙe abu ɗaya daga amsar nan, ka riƙe maganar tsayi. A can sama akwai 'yar iska siririya da ke jan abubuwa a hankali har su gangaro su ƙone. Ƙasa da kilomita 600, cikin 'yan shekaru take share mataccen abu. A 800 maganar ɗaruruwan shekaru ake yi. Sama da 1,000 kuwa, shekara dubu ko fiye. Vanguard 1 da Amurka ta harba a 1958 har gobe yana kewayawa. Shi ya sa, duk da Starlink ne ke shan zagi saboda yawansa, ni ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba ta fuskar tarkace: a ƙasa yake, yana da injin kaucewa, in ya mutu iska za ta sauke shi. Abin tsoro shi ne tsofaffin gangunan roka da matattun taurari masu nauyin tan-tan da aka watsar tsakanin kilomita 700 da 1,000. Akwai gangunan rokar Zenit na zamanin Sobiyet, kowace wajen tan 9, a kusan kilomita 840. Akwai Envisat na Turai, tan 8, wanda ya yi shiru tun 2012. Ba mai tuƙa su, ba mai iya karkatar da su. In biyu daga cikinsu suka haɗu, na 2009 wasa ne. Kuma ba a daina ƙarawa ba: a watan Agustan 2024 gangar rokar da ta kai rukunin farko na taurarin intanet na Qianfan na Sin ta fashe a wajen kilomita 800, ta zuba ɗaruruwan gutsattsari.

Inda yawan Starlink yake zama matsala shi ne wurin ba da hannu. A jiragen sama akwai hasumiyar da ke ce wa wannan hau, wancan sauka. A can babu. Rundunar sararin samaniyar Amurka tana bibiya tana aika gargaɗi, amma ba ta da ikon tilasta wa kowa. A watan Satumban 2019 Hukumar Turai ta ga wani Starlink yana nufo tauraronta Aeolus. Ta imel aka yi ta neman juna, SpaceX ya ce wata matsala a tsarin saƙonninsa ce ta hana shi ganin gargaɗin ƙarshe, dole Turawa suka kunna injin nasu suka kauce. A ƙarshen 2021 Sin ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sau biyu a shekarar tasharta ta Tiangong, da 'yan sama jannati a ciki, tana kauce wa Starlink. SpaceX da kansa ya ba da rahoton cewa taurarinsa sun yi kauciya kusan 50,000 cikin wata shida, daga Disamban 2023 zuwa Mayun 2024. Kwamfuta ce ke yanke wannan hukuncin, kuma kawo yanzu tana yi da kyau. To amma ranar da kamfanoni huɗu ko biyar, na ƙasashen da ba sa ga-maciji, kowa da kwamfutarsa da dubban taurarinsa, suka cika layi ɗaya, wa zai kauce wa wa?

Maganin da aka samo wa tarkace, wato a sauko da tauraro ya ƙone in ya gama aiki, shi ma ya zo da nasa ciwon. Ƙonewa ba ɓacewa ba ce. Jikin tauraro akasari alminiyam ne, in ya ƙone sai ya koma ƙura mai laushi a saman iska. A 2023 masu bincike ƙarƙashin Daniel Murphy na hukumar NOAA mai nazarin yanayi ta Amurka suka ɗebo samfurin iskar can sama da jirgi, suka tarar kusan kashi 10 cikin 100 na ɗigon sinadarin da ke shawagi a wurin yana ɗauke da alminiyam da wasu ƙarafan da suka fito daga ƙonewar roka da taurari. Wani binciken na 2024 ya ƙiyasta cewa tauraro mai kilo 250 yana barin wajen kilo 30 na wannan ƙurar. Damuwar ita ce irin wannan ƙura tana iya taimaka wa sinadaran da ke cin shimfiɗar ozon, wadda ke tare mana zafin rana mai ƙona fata, shimfiɗar da duniya ta sha wahala tana farfaɗo da ita tun yarjejeniyar Montreal ta 1987. Starlink kuwa kamar shekara biyar aka tsara kowanne ya yi, a sauke shi a sa sabo. Ka lissafa da kanka: rukuni mai taurari dubu goma ko fiye yana nufin ana ƙona dubbai duk shekara, ba ranar dainawa. A nan ra'ayina shi ne an sa keke gaban doki... a'a, bari in faɗe shi kai tsaye: an fara zubar da shara a wurin kafin a gama auna abin da wurin zai iya ɗauka.

Akwai kuma wani juyi da mutane ba su cika sani ba. Hayaƙin da ke ɗumama mu a ƙasa, a can ƙololuwar iska sanyaya ta yake yi, ta tsuke. In ta tsuke, jan da take yi wa tarkace yana raguwa, sai matattun abubuwa su ƙara daɗewa. Rana ita ma tana da nata hannun ta ɗaya ɓangaren: a Fabrairun 2022 wata guguwar rana ta kumbura iskar, ta janyo wajen 40 daga cikin Starlink 49 da aka harba a lokacin suka ƙone.

Ba komai ne ke ƙonewa ƙurmus ba. A watan Mayun 2020 ɓaraguzan babbar rokar Sin, Long March 5B, suka faɗo a ƙauyukan Kwaddibuwa, har da wani dogon bututun ƙarfe. A Maris 2024 wani guntun ƙarfe daga kayan batir da aka jefar daga Tashar Ƙasa da Ƙasa ya huda rufin wani gida a Florida. Ranar 30 ga Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin wajen kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku a Kenya, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce na roka ne. Yiwuwar abu ya faɗo a kanka kai ɗaya ƙarama ce ƙwarai, kada wannan ya hana ka barci. Abin lura dai shi ne ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, waɗanda akasarinsu ba su harba komai ba, su ne ke ƙarƙashin hanyar yawancin gangunan nan. Masu nazarin taurari su ma suna kuka: hasken taurarin ɗan'adam yana ja musu layi a hotuna, siginarsu kuma tana shiga kunnen manyan na'urorin sauraren sama irin wanda ake ginawa a Afirka ta Kudu.

Sai maganar tsaro, wadda a ganina ita ce mafi muni, domin ita da gangan ake yi. Ranar 11 ga Janairun 2007 Sin ta harbo tsohon tauraronta na yanayi, Fengyun-1C, da makami mai linzami a kusan kilomita 865. Gutsattsari sama da 3,000 aka ƙirga, kuma saboda tsayin wurin, jikoki ma za su tarar da wasunsu. Amurka ta yi nata a 2008, Indiya a 2019, su biyun a ƙasa da kilomita 300, inda akasarin tarkacen ya sauko da wuri. A Nuwamban 2021 Rasha ta tarwatsa Kosmos 1408, gutsattsari sama da 1,500, har ma'aikatan Tashar Ƙasa da Ƙasa suka shige kumbunan dawowa suka zauna cikin shirin gudu, cikinsu har da 'yan Rasha biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa ke nan. A Disamban 2022 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin a daina irin wannan gwajin, ƙasashe 155 suka goyi baya, Rasha da Sin suka ƙi, Indiya ta ƙaurace. Ƙudurin ba ya ɗaure kowa.

A zahiri ma sojoji sun gano ba sai an fasa tauraro ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta shiga Yukren, aka yi kutse a hanyar sadarwar tauraron KA-SAT na kamfanin Viasat, dubban na'urorin karɓar intanet suka mutu, har abin ya tsallaka Jamus ya yanke hulɗa da injinan lantarki masu aiki da iska wajen 5,800. Toshe siginar GPS da aika ta bogi sun zama ruwan dare a yankin tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya. A 2024 sai da kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Estoniya na wani lokaci saboda haka. Can ƙarshen tsoro kuma akwai nukiliya. Amurka ta gwada a Yulin 1962, ta tayar da bam a kilomita 400 saman tekun Pasifik: fitilun titi suka mutu a Hawaii, taurari da dama suka lalace a watannin da suka biyo baya, har da Telstar 1. Lokacin taurarin kaɗan ne ƙwarai. A 2024 Amurka ta zargi Rasha da ƙera makamin nukiliya na kakkaɓo taurari, Rasha ta musanta, sannan a watan Afrilu ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu kan ƙudurin da Amurka da Japan suka kawo game da batun.

Za ka ce to a je a kwashe sharar mana. Ana gwadawa. A 2018 wani tauraron gwaji da aka ƙera a Ingila ya cafke abu da raga. A 2024 kamfanin Astroscale na Japan ya matso da nasa har kusan mita 15 daga wata tsohuwar gangar roka ya ɗauki hotonta. A Janairun 2022 tauraron Sin Shijian-21 ya kama wani mataccen tauraron Beidou, wato GPS ɗin Sin, ya ja shi ya kai shi gefe. Amma hannun da zai iya kama matacce ya ja, zai iya kama mai rai na abokin gaba, saboda haka duk mai shara abin zargi ne. Ga kuma doka: yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta bar mallakar kowane abu a hannun ƙasar da ta yi rajistarsa, ko ya shekara hamsin da mutuwa, ba ka taɓa shi sai da izini. Yarjejeniyar ta hana ajiye nukiliya a sama, amma ba ta hana sauran makamai ba, ba ta kuma ce komai kan tarkace ba. Ta 1972 ta ɗora diyya a kan ƙasar da ta harba, kuma fitaccen misalin amfani da ita shi ne Kosmos 954 mai injin nukiliya da ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978, Sobiyet ta biya dalar Kanada miliyan 3. Ƙa'idar sauke tauraro cikin shekara 25 bayan ya gama aiki shawara ce kawai; hukumar sadarwar Amurka ta rage ta zuwa shekara 5 a 2022, amma ga masu neman lasisinta.

Yanzu ina ruwanmu. Talabijin ɗinka ba ya cikin haɗarin gobe ko jibi, domin can layin dish bai kai na ƙasa hargitsi ba, ko da yake a Oktoban 2024 Intelsat 33e, wanda ke hidima har da wasu sassan Afirka, ya tarwatse a can, kuma a wannan tsayin babu iskar da za ta share. Hasashen damina da NiMet ke fitarwa, da aikin cibiyar AGRHYMET a Yamai kan fari da amfanin gona, duk sun dogara da bayanan taurari. Hanyoyin waya da bankuna da jiragen sama suna amfani da agogo da siginar GPS. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023, Gana da Nijar suka biyo baya. A Sudan, da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024 ana tsakiyar yaƙi, da na'urorin Starlink da aka shigo da su ta bayan fage mutane da yawa suka riƙa karɓar kuɗi daga 'yan'uwa. Alheri ne babba, amma makunnin yana hannun kamfani ɗaya, kuma mai kamfanin, Elon Musk, da bakinsa ya ce ya ƙi kunna shi a kusa da Kirimiya lokacin da Yukren ta nema a 2022.

Akwai kuma hakkin wanda ya zo a makare. Mitar rediyo da gurbi a sama Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba ce ke rajistarsu, kuma a mafi yawan lokuta wanda ya riga shi ke samu. Tun 1976 wasu ƙasashen tsakiyar duniya, har da Kenya da Uganda, suka yi taro a Bogota suna cewa gurbin da ke saman ƙasarsu nasu ne. Ba wanda ya saurare su. A 2021 Ruwanda ta shigar da takardar neman gurbin taurari sama da 300,000, abin da ke nuna yadda rajistar kanta ta koma kamun fili. Najeriya ba 'yar kallo ba ce a nan. NigeriaSat-1 ya tashi a 2003, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, dukkansu a wajen kilomita 700, wato daidai unguwar da tarkacen 2007 da na 2009 ke ratsawa. Duk tauraron hoto da za mu sake harbawa can, sai an ƙara masa man kauciya da kuɗin inshora saboda ɓarnar da ba mu muka yi ba.

Mu ma akwai namu nauyin. NigComSat-1R, tauraron sadarwar Najeriya, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011 bayan na farkon ya mutu a 2008, shekara 15 aka tsara masa. Ƙa'idar layin da yake, wato layin dish, ita ce kafin mai ya ƙare a ɗaga tauraro kamar kilomita 300 sama da gurbinsa, a kashe shi a can, a bar wa na baya wuri. Jarabar da kowane kamfani ke fuskanta ita ce ya ci gaba da tatsar kuɗi har tankin ya bushe. Kamfanin Dish na Amurka ya bar man EchoStar-7 ya yi ƙasa, bai iya ɗaga shi fiye da kilomita 122 ba, aka ci shi tarar dala 150,000 a 2023, tarar farko da hukumar sadarwar Amurka ta taɓa yi a kan tarkacen sama, kuɗin da bai kai ko ɗan ƙaramin kaso na farashin tauraro guda ba.